Kyamarar tarko a kurmin Omo: abin da za ta nuna maka na halin dabba, da abin da ba za ta nuna ba

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibi ɗan Agege da ke karatun ilimin dabbobi a ɗaya daga cikin jami'o'in Legas. Ya ce sashensu ya ba shi aron kyamarorin tarko 8, wato kyamarorin da ake ɗaurawa a daji su ɗauki hoto da kansu idan dabba ta wuce, na tsawon wata 4 domin aikin kammala digiri, kuma burinsa shi ne ya binciki halayen namun daji a kurmin Omo. Yana son ya san ko wannan adadi zai isa, a ina ya kamata ya ɗaura su, kuma ta yaya hoto zai nuna hali alhali dabbar wucewa kawai take yi.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Na ji daɗin tambayarka ƙwarai, domin yaranmu da ke shiga wannan fanni ba su da yawa, kuma waɗanda suka shiga galibi Yankari suke nufa, alhali ga kurmi nan kusa da mu mazauna Legas. Daga nan zuwa gandun dajin Omo da ke jihar Ogun kimanin kilomita 135 ne, ta Sagamu da Ijebu-Ode. Tun 1925 aka keɓe shi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,300, kuma a 1977 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin gandayen halittu da take lura da su. Har gobe akwai giwa a cikinsa. Kyamara 8 za su ishe ka yin aikin da ba za ka ji kunyar nuna wa kowa ba, amma da sharaɗi ɗaya: ka rage buri. "Halayen namun daji" suna ne na fanni guda, ba tambaya ba ce. Wanda ya shiga kurmi da wannan a ransa zai fito da hotuna dubu biyar, masu kyau ma, amma idan malaminsa ya ce masa me ka gano, sai ya rasa ta cewa.

Fara da sanin abin da kyamarar take gani. A cikin kurmi, saboda duhun ganye da kurangar da ta sarƙe ko'ina, idonta ba ya wuce mita 5 zuwa 10. Kamar mutum ne da ke zaune a bakin zaure yana kallon layi: zai gaya maka wa ya wuce, da ƙarfe nawa, shi kaɗai ko da rakiya, me yake riƙe da shi, amma bai san daga ina ya fito ba, bai kuma san inda ya nufa ba. Duk wani bayani da za ka yi kan hali daga waɗannan abubuwa zai fito, wato lokaci, da wuri, da abokan tafiya, da abin da aka yi a cikin daƙiƙa goma ko ashirin ɗin da aka tsaya a gabanta.

Sannan ka san abin da ke tayar da ita. Mutane da yawa suna zaton motsi take gani. A gaskiya bambancin zafi take ji: wani abu da zafin fatarsa ya bambanta da na abin da ke bayansa, kuma yana ratsawa ta gabanta. Wannan yana da sakamako babba ga aikinka. Dabbar da ta ratsa daga hagu zuwa dama ta fi saurin tayar da ita a kan wadda ta nufo ta kai tsaye. Babbar dabba ta fi ƙarama. Damo da maciji, waɗanda zafin jikinsu ke bin na wurin da suke, sau da yawa za su wuce ba ta sani ba. Da tsakar rana kuma, idan ƙasa da ganye suka ɗau zafi har suka kusa kai zafin jikin gada, sai jinta ya ragu. Saboda haka rashin hoto ba ya nufin rashin dabba, kuma yawan hoton aladen daji a kan na kurege ba ya nufin alade ya fi kurege yawa. Ka rubuta wannan a shafin farko na littafin aikinka, domin nan ne ɗalibai suka fi zamewa lokacin kare aikinsu.

To, wane irin hali ne kyamara ke iya kamawa?

Wanda ya fi fitowa a fili, kuma wanda nake ba ka shawarar ka gina aikinka a kansa, shi ne lokacin fita. Kowane hoto yana zuwa da kwanan wata da agogo. Idan ka tara hotunan jinsi ɗaya da yawa ka jera su a kan awa 24, za ka ga siffar ranar wannan dabba: yaushe take tashi, yaushe take lafawa. Beguwar kurmi da jibda da burgu 'yan dare ne. Ƙaramar gada kan fito da sassafe da yamma. Abin sha'awa shi ne wannan tsari ba a kafe yake ba, yana sauyawa idan mutum ya matso. A 2018 mujallar Science ta buga wani nazari da ya haɗa bincike 76 kan nau'o'in dabbobi masu shayarwa 62 daga nahiyoyi 6, aka ga cewa inda harkokin mutane suka yi yawa, dabbobi suna ƙara komawa fitar dare. A gandun Kibale na ƙasar Yuganda, kyamarorin da aka kafa a bakin wata gonar masara sun ɗauki biri mai ganga, wato chimpanzee, yana shiga gona cikin dare, dabbar da aka sani da kwana a sheƙarta a kan bishiya da zarar rana ta faɗi. An buga wannan a 2014. Babu mai binciken da zai iya zama a bakin gona cikin duhu ya ga wannan da idonsa, domin zamansa kaɗai ya isa ya hana birin zuwa.

Na biyu shi ne su wa ke tafiya tare, kuma ko ana haihuwa. Misali mafi kusa da mu a nan gida yake. Gorilar Kuros Riba, wadda aka ƙiyasta ba ta wuce 300 ba a duniya, tana zaune a tsaunukan kan iyakar Najeriya da Kamaru, kuma tsananin gudun mutum ya sa ma'aikatan da suka yi shekaru suna bin sawunta da sheƙarta da kashinta da kyar suke ganinta ido da ido. A watan Yulin 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan kyamarar tarko daga tsaunukan Mbe, ga garke guda da jarirai da dama, wasu a bayan iyayensu. Wannan ya amsa tambayar da sheƙa ba za ta taɓa amsawa ba, cewa garken yana hayayyafa. Kafin nan, a 2012, wani bidiyo daga Kagwene a Kamaru ya nuna gorila 8 suna wucewa, babban namijin ya taso yana dukan ƙirji, ɗaya daga cikinsu kuma babu hannu guda, abin da masana suka danganta da tarkon waya. Ka ga a cikin bidiyon da bai wuce 'yan mintoci ba an sami yawan garke, da hali, da alamar barazanar da ke kansu.

Na uku shi ne ayyukan da dabba ke yi a wani keɓaɓɓen wuri da take komawa kullum. A Goualougo da ke Jamhuriyar Kongo, masu bincike Crickette Sanz da Dave Morgan sun kafa kyamarorin bidiyo a gaban suri, suka ɗauki biri mai ganga yana zuwa da kayan aiki iri biyu: sanda mai kauri ta huda suri, da siririn tsinke na zaro gara. An buga wannan a 2004. A 2016 kuma wani babban shiri na cibiyar Max Planck ta Jamus ya ba da rahoton birai a Afirka ta Yamma suna jifan wasu bishiyoyi da duwatsu, har duwatsun suka taru a gindinsu. Irin wannan aiki yana da daɗin kallo, amma yana buƙatar ka riga ka san wurin, kuma ka yi shekaru. Ba na wata 4 ba ne.

Yanzu ga maganar da ta fi komai muhimmanci, kuma ina so ka karanta ta da natsuwa. Inda ka ɗaura kyamara shi ne zai yanke abin da za ka gano, tun kafin dabba ta farko ta wuce.

Ranar da ka shiga kurmi da mai rakiya, zai nuna maka turbar dabbobi, da mashaya, da gindin bishiyar da 'ya'yanta ke zuba, ya ce nan za ka sa. Gaskiya ya faɗa, nan ne hotuna za su fi yawa. Amma ka lura da abin da za ka auna. Idan duk kyamarorinka suna mashaya, abin da ka samu shi ne lokacin shan ruwa, ba lokacin fita ba. Idan duk suna kan turba, za ka cika da dabbobin da ke son turba, irin su jibda da giwa, ka rasa waɗanda ke guje mata saboda nan maharbi ke bi. Idan kuma kana kwatanta wuri biyu, ka sa na farko a kan turba na biyu a cikin sarƙaƙiya, bambancin da za ka gani naka ne, kai ka ƙirƙire shi da hannunka, ba na dabbobin ba ne. Shi ya sa manyan shirye-shirye suke zana layuka a kan taswira tun daga ofis, su sa ɗigo a tazara ɗaya, su je su kafa kyamara a inda ɗigon ya faɗa. Shirin sa ido kan namun daji na TEAM, wanda ya yi aiki a dazukan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, har da Korup na Kamaru da ke maƙwabtaka da Kuros Riba, ya yi amfani da wurare 60, kyamara ɗaya a kowace murabba'in kilomita 2, na kwana 30 a lokacin rani. Kai ba ka da 60, amma ƙa'idar tana nan: ka yanke doka ɗaya ta zaɓen wuri, ka rubuta ta, ka bi ta a ko'ina ba tare da sauyi ba. Misali, ka isa ɗigon da ka sa a taswira, ka nemi turbar dabba mafi kusa cikin mita 50, ka ɗaura a nan. Wannan doka tana da aibi, amma aibinta ɗaya ne a duk wuraren, don haka kwatance ya halatta.

Da ni ne ke da kyamarorinka, ga tambayar da zan ɗauka. Omo ba kurmi ɗaya ba ne mai kama da juna. Akwai gonakin koko da ƙauyukan da suka kutsa cikinsa, akwai inda aka sare katako, akwai kuma ɓangaren da ya rage da manyan bishiyoyinsa. Sai in tambaya: shin gada da beguwa da jibda suna sauya lokacin fitarsu a kusa da gonaki idan aka kwatanta da can ciki? Tambaya ce ƙarama, tana da amsa, kuma amsar tana da amfani ga masu kula da gandun.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Zagaye 3, kowanne kwana 30, da kyamara 8, ya ba ka wurare 24 da kwanan kyamara 720, wato jimillar kwanakin da duk kyamarorin suka yi suna aiki. Ka sa rai wasu za su lalace ko batir ya mutu, don haka abin da zai tabbata a hannunka zai gaza haka. Wata na huɗu na shiri ne da zirga-zirga da duba hotuna. Amma ka kiyaye wani abu: kada ka kai duka 8 bakin gona a watan farko, sannan ka kwashe su zuwa ciki a wata na biyu. Idan ka yi haka, ba za ka iya raba tasirin gona da tasirin sauyin yanayi ba, domin watan Disamba ba ɗaya yake da Fabrairu ba wajen ruwa da 'ya'yan itace. A kowane zagaye, 4 a bakin gona, 4 a ciki. Ka bar tazarar aƙalla rabin kilomita tsakanin kyamara da kyamara, kilomita guda ma ya fi idan ƙafa za ta iya. Kuma ka yi ƙoƙari aikin ya faɗo tsakanin Nuwamba da Maris. Da damina hanyoyin cikin gandun sukan yanke, kogin Omo ya cika, danshi kuma ya fi cin kyamara.

Batun giwa, na san ita ce a ranka, kowa ma ita ce a ransa. A 2021 ne hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fara lissafa giwar kurmi a matsayin jinsi dabam da giwar sarari, ta kuma sa ta a matakin da ke gab da ƙarewa, bayan raguwar da ta haura kashi 86 cikin ɗari a shekara 31. Idan Allah ya sa ta ratsa ta gaban kyamararka, ka yi murna, ka kai wa masu kula da gandun hoton. Amma kada ka ɗora digirinka a kanta. Kaɗan ce, tana yawo mai nisa, kuma hoto biyar ko shida ba sa zama hujjar hali. Masu wannan aiki da yawa suna son su ga jinsi ya bayyana kusan sau 100 kafin su yarda da siffar lokacin fitarsa. Dabbobin da za su ba ka wannan adadi su ne waɗanda mutane ke rainawa. Kuma kada ka ɗauka an gama saninsu. Ƙaramar gadar da ke wannan yanki namu, daga Togo da Benin zuwa yammacin kogin Neja, sai a 2010 aka tabbatar jinsi ce mai zaman kanta, aka sa mata suna gadar Walter, kuma daga gawarwakin kasuwar naman daji aka gane ta. Hotonta na farko tana raye a daji sai a 2021 aka fitar da shi, daga kyamarar tarko a gandun Fazao-Malfakassa na Togo. Dabbar da ake shanyawa a bakin titi ana sayarwa ke nan, amma abin da aka rubuta kan yadda take rayuwa bai taka kara ya karya ba.

Bari in kai ka gindin bishiyar. Ka zaɓi bishiya mai kauri da iska ba ta kaɗa ta, amma wadda ɗamara za ta zagaye. Ka durƙusa, domin tsayin gwiwa ake ɗaurawa, santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa. Hannu kan so ya kai ta tsayin ƙirji saboda nan ne ya fi sauƙi, sai gada ta wuce ta ƙasan idonta. Ka karkata ta kaɗan ga turba, kada ta fuskance ta kai tsaye, kada kuma ta yanke ta a tsaye, don dabbar ta daɗe a cikin fili. Idan akwai buɗi a saman bishiyoyi inda rana ke shigowa, ka juya ta arewa ko kudu, in ba haka ba hasken safe ko na yamma zai wanke hoton. Ka sa adda ka share ganyen da ke lilo a gabanta cikin mita biyu ko uku, amma kada ka yi shara kamar za ka yi shuka, domin dabba tana lura da wurin da aka taɓa. Ganye ɗaya da rana ta gasa, iska tana kaɗa shi, zai iya cika maka kati da hoto dubu na banza ya kuma shanye batir cikin mako. Daga nan ka kunna ta a yanayin gwaji, ka koma gefe ka yi rarrafe ka ratsa gabanta a mita 3, sannan a mita 6, kana kallon ɗan fitilar da ke nuna ta ji ka. A ƙarshe ka rubuta lambar wurin da kwanan wata da lokaci a ɗan allo, ka riƙe a gabanta ta ɗauka. Ranar cirewa ma haka. Waɗannan hotuna biyu su ne shaidarka cewa ta yi aiki daga farko har ƙarshe, kuma da su za ka gyara idan agogonta ya kauce.

Agogon nan ka duba shi sau biyu. Aikinka gaba ɗaya a kan lokaci yake, kuma kyamarar da aka saita ƙarfe 9 na dare a maimakon na safe za ta mayar da dabbar rana ta dare. Ka sa tsarin awa 24. Sauƙin da muke da shi a nan shi ne fitowar rana ba ta sauyawa sosai, tsakanin 6:30 da 7:00 take duk shekara, don haka ba sai ka yi dogon gyara ba.

Kurmi yana cin na'ura. Kafin ka rufe murfi ka shafa robar bakin da yatsa ka tabbatar babu yashi ko gashi a kai, ka jefa ƙullin ƙwayoyin tsotse danshi a ciki, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada ka buɗe ta ana ruwa, domin danshin da ka rufe a ciki zai zama gumi a gilashi, hotunan asuba duk su fito fari. Tururuwa da cinnaka suna shiga ta ƙananan ramuka su yi gida, gizo-gizo kuma yana son saƙa a gaban gilashi. Batirin lithium ya fi jurewa, kuma a kasuwa ka yi hattara da jabun batir da jabun katin ajiya. Duk katin da ka saya, ko a Computer Village ko a Alaba, ka cika shi da fayil a kwamfuta ka tabbatar girman da aka rubuta a jikinsa gaskiya ne kafin ka kai shi daji.

Hoto ko bidiyo? Don lokacin fita, hoto ya isa: ka saita ta ɗauki 3 a jere duk lokacin da wani abu ya tayar da ita, ba tare da dogon hutu ba. Bidiyo yana cin batir da kati, musamman da dare. Idan malaminka ya yarda, ka ƙara wani ɗan aiki a gefe a makonnin ƙarshe: kyamara ɗaya a kan bidiyo na daƙiƙa 20 a gindin agwaluma mai zubar da 'ya'ya, tunda rani ne lokacinta. A irin wannan wuri ne za ka ga hali da idonka. Gada za ta shigo da taka-tsantsan, jela tana kaɗawa ba tsayawa, ta ɗauki ɗa guda, ta ɗaga kai tana tauna, kunnuwa suna juyawa, ta sake sunkuyawa. Daga wannan kaɗai ana iya auna daƙiƙa nawa ta yi kai a ƙasa, nawa ta yi kai a sama tana sauraro, wanda shi ne ma'aunin tsoro. Sai dai ka ware waɗannan bayanai, kada ka gauraya su da na sauran wurare 24.

Ka kuma sani kyamarar ba ɓoyayya ba ce ga dabba. Tana da wari, naka da na roba, tana ɗan yin ƙara, kuma fitilar darenta iri biyu ce: mai jan haske kaɗan da ido ke iya hangowa, da wadda ba ta nuna komai ga idon mutum. Don nazarin hali ta biyun ta fi. Wani bincike da aka buga a 2019 kan manyan biran Afirka ya nuna gorila da bonobo, ɗan uwan biri mai ganga, sun fi biri mai ganga lura da kyamara, kuma yara sun fi manya daɗewa suna kallonta. Saboda haka duk hoton da dabba ta zuba wa kyamara ido ko ta zo tana shinshina, ka yi masa alama. Kada ka sa abinci ko gishiri don jawo dabba. Da zarar ka yi haka, halin da kai ka jawo kake aunawa.

Idan ka dawo gida, kafin komai ka kwafe kowane kati a wuri biyu. Wajen ƙirga kuwa, hoto ba shi ne ma'auni ba. Garken alade da ya tsaya yana tono na rabin awa zai ba ka hoto 200, amma zuwa ɗaya ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce hotunan jinsi ɗaya a kyamara ɗaya da ba su kai minti 30 tsakaninsu ba a ɗauke su zuwa guda, wasu kuma suna sa awa ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ka bayyana. Sannan ka raba yawan zuwa da kwanakin da kyamarar ta yi tana aiki da gaske, ba kwanakin da ta yi a jikin bishiya ba. Akwai manhajojin da ke taimakawa wajen ware hotunan da babu komai a ciki, kamar MegaDetector da dandalin Wildlife Insights, ga kuma kunshin camtrapR da overlap a manhajar lissafi ta R don zana lokacin fita da kwatanta shi. Amma da kyamara 8 ina so ka kalli kowane hoto da kanka. Nau'o'in gada a hoton dare baƙi da fari suna rikitarwa, kuma inda ba ka tabbatar ba ka rubuta "gada, ba a tantance ba". Kada kuma ka yi yunƙurin faɗin yawan dabbobin gandun. Hanyar ƙirga dabbobi da kyamara da masani Ullas Karanth ya yi suna da ita a Indiya a shekarun 1990 ta yi aiki ne saboda kowace damisar Indiya tana da zanen jikinta daban, ana gane ta idan ta dawo. Gada ba ta da wannan. Akwai hanyoyin lissafi na dabbobin da ba a bambance su, an gwada ɗaya a kan gada a gandun Taï na Kwaddibuwa, amma suna buƙatar auna nisa a kowane hoto da wurare masu yawa.

Mai rakiyarka, wanda sau da yawa tsohon maharbi ne, ka riƙe shi da daraja, ka biya shi haƙƙinsa yadda kuka yi, ka sa shi a godiyar aikinka idan ya yarda. Na ce kada ya zaɓa maka wuraren kwatance, amma akwai abin da ya sani wanda ba ya cikin littafi. A gandun Deng-Deng na Kamaru, mafarauta ne suka gaya wa masu bincike cewa ɗankunya mai farin ciki yana son bin saman gungumen da ya faɗi, aka juya kyamarori kan gungume, sai samunsa ya ƙaru a kan na kyamarorin da ke kallon ƙasa. Ka koyi gaisuwa da sunayen dabbobin da Yarbanci, ka je ka gaida baale, wato mai gari, na ƙauyen da za ka sauka, ka yi bayanin abin da akwatin yake yi. Kyamarar da mutanen gari suka san da ita ta fi wadda aka ɗaure da sarƙa da kwaɗo daɗewa a jikin bishiya, ko da yake sarƙar ma ka sa.

Kuma za ta ɗauki mutane, babu makawa: manomi, mai neman katantanwa, mace mai itace, maharbi da fitila a goshi. Waɗannan ba su ba ka izinin ɗaukarsu ba. Ka ƙirga su a matsayin wucewar mutum, da lokacinta, domin wannan ma'auni ne mai ƙarfi ga tambayarka, amma fuskarsu kada ta shiga waya, kada ta shiga WhatsApp ko Facebook, kada ta shiga rahoto. Tun kafin ka fara ku yi magana da malaminka da jami'an gandun kan abin da za a yi da irin waɗannan hotuna, a rubuce. Haka nan wurin da ka sami ɗankunya ko giwa. Mu da ke Legas mun san ta tashar jiragen ruwanmu ake fitar da ɓawon ɗankunya. A watan Afrilun 2019 kaɗai Singafo ta kama kwantena biyu da suka taso daga Najeriya, kowace da sama da tan 12. Lambobin GPS na irin wannan dabba amana ce, a taswirar da za ka buga ka nuna yanki kawai, ba ɗigo ba.

Izini kuwa ka fara nemansa yau, domin shi ne ke cin lokaci. Omo yana ƙarƙashin ma'aikatar gandun daji ta jihar Ogun, don haka ka karɓi takarda daga sashenku zuwa gare su. Gidauniyar kare muhalli ta NCF, wadda hedkwatarta ke cibiyar Lekki, ta daɗe tana aikin kare giwayen Omo, kuma ta nan ne ya fi dacewa ka nemi a haɗa ka da masu gadin dajin, don ba a shiga wannan kurmi mutum ɗaya. Tunda za ka je Lekki ɗin, ka roƙi izinin ɗaura kyamara biyu a cikin hekta 78 ɗinsu na mako guda. Biran mona na wurin sun saba da mutane, don haka ba za su koya maka halin dabbar daji ba, amma a can za ka gane wace kyamara ce cikin 8 ɗin ke jinkirin tashi, wacce ke shan batir, wacce agogonta ke gudu, tun kana inda mota ɗaya za ta mayar da kai gida ka gyara.